Mu Tashi Mu Kare Kanmu, Amma da Horo da Tsari

A watan Yunin 2022 gwamnatin jihar Zamfara ta fitar da wata sanarwa da kunne bai saba jin irinta daga bakin hukuma ba. Ta ce duk wanda ya cancanta ya nemi bindiga ya kare kansa daga ɓarayin daji, har ta yi alkawarin raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar domin a cike a nemi lasisi. Ba a je ko'ina ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, 'yan sanda kuma suka tuna wa jama'a cewa ba da lasisin ma an dakatar da shi. Kafin Zamfara, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya faɗa wa Katsinawa makamanciyar wannan magana a 2021. Kafin Masari, Janar T. Y. Danjuma ya faɗe ta a Jalingo cikin watan Maris na 2018. A Fabrairun 2025 kuma shugaban hukumar DSS, Adeola Ajayi, ya ce dole jama'a su zama katangar farko ta tsaron kansu. Manya dai sun yi ta faɗa. Abin da har yau babu wanda ya zauna ya yi shi ne nuna wa manomin Ɗansadau ko na Sabon Birni yadda zai bi wannan umarni ba tare da ya ƙare a kabari ko a kurkuku ba.

Ku dubi inda aka ajiye talaka. Gwamna ya ce masa ɗauki makami. Doka ta ce in ta kama shi da shi, shekara goma ce. Ɗan bindiga kuma ya aiko masa da saƙo cewa in garinsu bai haɗa harajin noma ba, kada wanda ya kuskura ya taka gonarsa. Na wa zai ji?

'Yan'uwa, fushin da ke cin zukatanmu yana da hujja. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya jagoranta a Zamfara ya ba da rahoto a 2019 cewa cikin shekara takwas an kashe sama da mutum 6,000 a jihar kaɗai, an bar marayu sama da 25,000. Bayan wannan rahoto aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a 2020, aka kwashe na Jangebe da Tegina da Birnin Yawuri a 2021, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, aka shiga Kuriga a 2024. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa da shi bayan duniya ta ga bidiyonsa yana neman a kawo masa ɗauki. 'Yan sandan ƙasar nan ba su kai 400,000 ba, mu kuwa mun haura miliyan 200. Duk mai ce wa magidancin da aka ɗauke wa mata da 'ya'ya ya naɗe hannu ya jira, bai san zafin abin ba. Ni ba zan ce masa haka ba. Cewa nake mu tashi. Sai dai tashi iri-iri ne, akwai wanda yake tsare gari, akwai wanda yake jawo masa jana'iza, kuma mun ga kowanne da idonmu.

Kare kai haƙƙi ne, babu mai ja da wannan. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya amince mutum ya yi amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata domin kare rai ko dukiya daga mai zalunci. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta ware wa batun sassa da dama, tun daga sashe na 59. Malamanmu na fiƙihu sun riga kowa yin bayani a babin tunkuɗe mai kawo farmaki: ka gargaɗe shi in da sarari, ka fara da abin da ya fi sauƙi, in tsawa za ta kore shi ba a kai wa ga sanda, in sanda za ta isa ba a kai wa ga kisa, in ya juya baya ya gudu an gama. Doka da addini sun haɗu a wuri guda, wato haƙƙin yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba yana iya shiga rigima a matsayin wanda aka zalunta ya fito a matsayin mai laifi.

Wanda yake ganin wannan zance ne na takarda, ya tuna da Sunday Jackson, manomin nan na yankin Numan a jihar Adamawa. Wani makiyayi ya afka masa da wuƙa a gonarsa, suka yi kokawa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi ya mutu. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa tun da ya ƙwace makamin yana da damar gudu. Mutane da yawa sun ga hukuncin ya yi tsauri, ni ma ina cikinsu, kuma afuwar gwamnan jihar ce ta fitar da shi bayan ya shafe sama da shekara goma a tsare. Amma ku lura, wannan wuƙa ce, kuma ta maharin ce. Ina ga wanda aka samu da bindigar da ya sayo a ɓoye?

Dokar mallakar makamai ta Najeriya tun 1959 take, kafin a ba mu mulkin kai. Ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka, wadda mafarauta ke ɗura wa albarushi ta baka, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Bindigar harbin tsuntsu da makamantanta sai da lasisin Sufeto Janar. Bindigogin soja irin su AK-47, har da ƙaramar bindigar fistol da ake sokewa a ƙugu, suna cikin waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa da kansa. Hukuncin mallakar irin waɗannan ba bisa ƙa'ida ba yana kai wa ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ba da umarnin a harbe duk wanda aka gani da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba, a 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da cewa an dakatar da ba da sabon lasisi. Saboda haka duk wanda ya raɗa maka cewa zai samo maka 'yar fistol ka riƙa yawo da ita a ƙarƙashin riga, kurkuku yake sayar maka, kai kuma kake biya.

Tun da masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da Amurka, to mu leƙa Amurkar. A can ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye cikin tufafi ruwan dare ne. Kundin tsarin mulkinsu ya ba da haƙƙin mallakar makami tun 1791, kuma a wannan watan na Yunin 2022 da Zamfara ta yi sanarwarta, Kotun Ƙolinsu ta soke dokar jihar New York da ke tilasta wa mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi izinin fita da bindiga. Jihohi 29 cikin 50 ba sa ma neman izinin. Amma inda ake nema, ana ɗaukar horo da muhimmanci: jihar Illinois sai ka yi awa 16 a hannun malami mai lasisi, New York awa 16 a aji da awa biyu a filin harbi. Abin da zai ba ka mamaki shi ne yawancin darasin ba na harbi ba ne. Ana koyar da doka, da yadda za ka kauce wa rigima tun daga nesa, da lokacin da haramun ne ka zaro makami, da tunanin wanda ke tsaye a bayan wanda kake shirin harbi, da yadda za ka kulle bindiga a gida kada yaro ya kai gare ta. Ƙwararrunsu na gaskiya sukan faɗa wa ɗalibai cewa in ɗan fashi ya riga ya ɗora maka bindiga yana neman walat, miƙa masa.

Suna da dalili. Wani ɗan sanda a birnin Salt Lake, Dennis Tueller, ya nuna a 1983 cewa mai wuƙa da ke nesa da kai da ƙafa 21 yana iya cim maka cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, kusan daidai lokacin da ƙwararre ke buƙata ya zaro bindigarsa ya harba. Cibiyar bincike ta RAND ta duba harbe-harben 'yan sandan New York daga 1998 zuwa 2006, ta gano cewa idan ana musayar wuta, harsashi 18 kacal cikin 100 ke samun wanda aka nufa. Waɗannan fa mutane ne da harbi sana'arsu ce, ana kai su atisaye a kai a kai. Sauran 82 ɗin ina suke zuwa? A kasuwar Kwari ko tashar Kawo, amsar ita ce jikin mai talla da mai dako.

Ba na ɓoye cewa akwai ranar da bindigar ke ceton rai. A Yulin 2022 wani saurayi ɗan shekara 22 a jihar Indiana ya harbe wani da ya buɗe wa mutane wuta a cibiyar kasuwanci cikin daƙiƙa 15. Amma shekara guda kafin nan, a garin Arvada na jihar Colorado, wani mai suna John Hurley ya yi irin wannan jarunta, ya harbe wanda ya kashe ɗan sanda, sai wani ɗan sandan ya iso ya gan shi da bindiga a hannu, ya ɗauka shi ne maharin, ya kashe shi nan take. Masana a can suna ta jayayya. John Lott ya rubuta a 1998 cewa yawan bindiga na rage laifi, John Donohue na jami'ar Stanford da abokan aikinsa kuma suka fitar da bincike a 2019 da ya nuna laifukan zub da jini sun ƙaru da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara goma a jihohin da suka sassauta dokar. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne gawa: mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabinsu da hannunsu suka harbe kansu. Wannan a ƙasar da motar asibiti ke isowa cikin mintuna, kotu na aiki, kowane dillalin makamai yana da rajista.

Mu kuwa matsalarmu ta ma wuce ta ɗan fashi guda a bakin titi. Masu zuwa mana a kan babura suke zuwa, hamsin, ɗari, goyon biyu da uku, kowa da jigidar harsashi. Fistol a aljihu ba ta da abin da za ta yi da wannan, illa ta zama ganima ta kuma sa a fara da mai ita. Ko a birni, inda fashin waya ya addabi Kano da Kaduna, shi ɓarawon ne ya zaɓi lokaci da lungu, kai kuwa tunanin cefane kake. Wayarka ba ta kai ranka ba. Ba shi, ka riƙe kamanninsa, ka kai rahoto, ka matsa wa masu unguwa da 'yan sintiri a toshe lungun.

Yanzu mu juyo ga namu tarihin, domin mun gwada ɗaukar makami babu tsari, kuma mun biya da jini. 'Yan sa-kai sun fito ne da kyakkyawar niyya lokacin da satar shanu ta yi ƙamari a Zamfara wajen 2011. Da yake babu mai horar da su, babu mai tuhumar su, sai wasunsu suka koma kama duk Bafulatanin da suka ga dama a tsakiyar kasuwa suna yankawa babu shari'a. Masu binciken wannan rikici, irin su Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sun nuna yadda wannan ya tura matasan makiyaya da yawa cikin daji, ya ba shugabannin ɓarayi hujjar da suke fakewa da ita har gobe. Wannan ba wanke 'yan ta'adda ba ne, wanda ya ƙona gari ya yi wa mata fyaɗe ba shi da uzuri a wurin Allah balle a wurin mutane. Amma gaskiya ɗaya ce. A watan Oktoban 2021 'yan sa-kai suka kashe mutum 11 a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa, kwanaki kaɗan bayan haka 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe fiye da 40. Waɗanda suka mutu a kasuwannin biyu cin kasuwa suka je.

Kuma in muna son sanin ɗacin wannan ɗabi'a, mu tuna ranar da aka yi mana ita. A ƙarshen Maris na 2025 mafarauta 'yan jihar Kano suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah. 'Yan banga a garin Uromi na jihar Edo suka tare motarsu, suka ga bindigogin toka, suka ce masu garkuwa da mutane ne, aka tara musu jama'a aka kashe 16. Duk Arewa ta yi kuka, kuma ta cancanci ta yi. To abin da 'yan bangar Uromi suka yi, wato ganin baƙo, zarginsa, yanke masa hukunci a bakin titi, shi ne abin da wasu namu suke yi wa wasu a kasuwanninmu. Ba zai zama zalunci a Edo ya zama jarunta a Sakkwato ba.

Akwai kuma jaruntar da ba ta da madafa. A 'Yar Galadima ta ƙaramar hukumar Maru, cikin Afrilun 2014, 'yan banga da mafarauta daga garuruwa da dama suka taru domin shawarar yadda za su tunkari ɓarayi. Labari ya riga ya isa daji. Aka zagaye taron, mazauna garin suka ce waɗanda suka binne sun haura ɗari. A Banibangu ta jihar Tilaberi a Nijar, cikin Nuwamban 2021, magajin garin ya ja 'yan sa-kansa a kan babura suka bi sawun mayaƙan da ke addabar yankin, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka kwanta har da shi. A Tungar Kara ta jihar Zamfara, a Janairun 2025, mutanen gari da 'yan sintiri suka fito bin ɓarayi, jirgin yaƙin ƙasarsu ya hango mutane da makamai a daji ya sakar musu bam. Abin da ya sami John Hurley ke nan, sai dai namu daga sama ya zo, kuma ba mutum ɗaya ya ɗauka ba. A Unguwar Mantau ta Malumfashi, cikin Agustan 2025, mutanen gari suka yi wa ɓarayi kwanton ɓauna suka yi nasara, bayan kwana kaɗan aka dawo musu ramuwar gayya ana tsakiyar sallar asuba, aka kashe gommai. Waɗannan mutane ba ragwaye ba ne, Allah Ya jiƙansu. Zuciya suna da ita har ta yi yawa. An bar su ne babu sirri, babu hanyar magana da soja, babu wanda zai tsaya musu washegarin nasara.

Inda abin ya yi aiki, ku duba abin da ya sa ya yi. Matasan Maiduguri da suka tashi a 2013 da gora da adda suka fara, shi ya sa ake ce musu 'yan kato da gora. Ba su fi Boko Haram makami ba. Abin da suka fi su shi ne sanin fuska: sun san ɗan gidan wane ne, sun san wanda ya ɓace wata uku ya dawo da kuɗi, kuma suna aiki kafaɗa da kafaɗa da soja, unguwa unguwa, kowane yanki da shugabansa. Su ma an zarge su da wuce gona da iri, kuma wannan ƙarin hujja ce a kan buƙatar sa ido. Amma sun fitar da 'yan ta'adda daga cikin birni. Kakanninmu ma haka suka tsare garuruwansu. Ganuwa da ƙofa da sarkin ƙofa, mai unguwar da baƙo ba ya kwana sai da saninsa, sarkin baka da ya san kowane mafarauci da irin makaminsa, dogarin da yake da wanda zai amsa wa tambaya in ya yi ba daidai ba. Ko yaron mota sai ya shekara yana bin ubangidansa kafin a miƙa masa sitiyari, to don me za a miƙa wa saurayi abin da ke kashe mutum saboda kawai ya ɗaura layu ya ce ya sha maganin ƙarfe?

Saboda haka ga kiran. Iyayenmu sarakuna, hakimai, dagatai da masu unguwanni, Allah Ya ja zamaninku, a hannunku aikin zai fara. Kowane gari ya san masu tsaronsa da suna da gida da wanda ya tsaya musu. Kada a karɓi mashayi, kada a karɓi wanda aka sani da gaba da wani gida ko wata ruga, kada a karɓi yaron da bai mallaki hankalinsa ba. A sa arɗo da 'ya'yan Fulanin da ke zaune lafiya a cikin kwamitin, domin su ma ana kore musu shanu ana sace musu 'ya'ya, kuma sun fi kowa sanin daji. Wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma da ransa, a rubuta ranar da sunan jami'in da ya karɓa, a bi sawun shari'ar. Na san abin da za a ce, ai ana kai su ake sako su. Gaskiya ne yana faruwa, maganinsa kuwa gari ya taru ya tsaya a kan maganar da lauya da 'yan jarida har a ji kunya, domin gawar da aka yar a bayan gari ba ta faɗin wanda ya aiko ta.

Da ɗan gari kan ci gari. Ɓarawon da ke dajin Rugu ko Kamuku bai san ranar da ka sayar da shanu ba, bai san ɗakin da amarya take ba, wani ne ya faɗa masa. Wani ke kai masa fetur a jarka, wani burodi, wani ƙwaya, wani katin waya, wani ke gyara masa babur. Rahoton M. D. Abubakar har sarakuna biyar ya ambata da hannu a lamarin. Garin da ya toshe bakin infoma ya yi rabin yaƙin ba tare da ya harba ko harsashi ɗaya ba. A nan iyayenmu mata suke da babban aiki. Uwa, kin fi kowa sanin ranar da ɗanki ya shigo da babbar waya da sabon babur alhali ba ya sana'a. Tambaye shi. In kin yi shiru yau, gobe ko dai a kawo miki gawarsa ko ya jawo a kawo ta maƙwabcinki. Amma zargin infoma shi ma sai da hujja, kuma a gaban hukuma, domin an sha fakewa da shi a rama tsohuwar gaba ta gona ko ta neman aure.

Matasa, kada ku kai kuɗinku kasuwar bayan fage. An ƙiyasta bindigogin da ke hannun farar hula a Najeriya sun kai miliyan 6, kuma rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya nuna cewa zuwa ƙarshen 2018 makamai 178,459 sun yi ɓatan dabo daga rumbunan 'yan sanda, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ƙarancin bindiga ba shi ne ciwonmu ba. Dillalin da zai sayar maka da ɗaya da rana shi ne yake sayar wa jagoran 'yan bindiga Bello Turji da ire-irensa goma da dare, kuma ribar da ya ci a kanka da ita zai saro na gaba. Mai son ya tsare garinsu ya shiga rundunar da doka ta sani. Katsina ta ƙaddamar da tata a Oktoban 2023 da kusan mutum 1,500, Zamfara ta fito da Askarawa sama da 2,600 a Janairun 2024, Sakkwato ta bi sahu.

Ku kuma gwamnoni, kafa runduna da ɗinka mata kaki a yi fareti shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Burkina Faso ta kafa dakarun sa-kai da doka a 2020, ta ba su horon mako biyu ta miƙa musu bindiga, yau ana zargin su da kisan ƙare dangi a ƙauyukan Fulani, su ma ana kashe su kamar kiyashi. Muna neman horo na watanni wanda ake sabuntawa, a koyar da doka kamar yadda ake koyar da harbi. Muna neman albashi a kan lokaci, domin mai bindiga da yunwa abin tsoro ne. Muna neman kowace bindiga da lambarta da sunan mai riƙe da ita, kowane harsashi a ƙirga shi fita da dawowa. Muna neman rediyon sadarwa tsakaninsu da soja da mayaƙan sama, kada a sake Tungar Kara. Muna neman diyya ga iyalan wanda ya faɗi a bakin aiki, da kotu ga wanda ya kashe marar laifi, ko ɗan wane ne. Garin da ya kori ɓarayi a girke masa jami'ai a wannan daren, kada a jira sai an yi jana'iza a zo jaje da buhunan shinkafa.

'Yan majalisarmu na tarayya, dokar 1959 ta tsufa. Ba daidai ba ne mai kuɗi ya sami ɗan sanda yana riƙe wa matarsa jaka, talaka kuma a ce masa kare kanka alhali an rufe ƙofar lasisi. Ku gyara dokar a fili: wa ya cancanta, wane irin makami, horon awa nawa, gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa, wa zai ƙwace lasisin in an saɓa. Ku kuma kammala maganar 'yan sandan jihohi da kuke ta jan ƙafa a kanta. Malamanmu, ku hau mumbari da wannan babi na fiƙihu gaba ɗayansa, falalar wanda ya mutu yana kare iyalinsa da kuma girman jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Rabin bayani a wannan wuri kisa yake jawowa.

Akwai horo guda da ba ya buƙatar izinin kowa, kuma na fi son kowane gida ya fara da shi. Wanda harsashi ya tsinka wa babbar jijiya yana iya mutuwa cikin minti biyar saboda zubar jini, tun kafin a samo mota. Danne rauni da ƙarfi da tsumma mai tsabta, cusa ƙyalle a cikinsa, ɗaure hannu ko ƙafa ta saman raunin, abubuwa ne da ma'aikacin lafiya ko jami'in Red Cross zai koya wa mutum ashirin a yini guda, maza da mata. Ku kuma sani cewa tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Mutane da yawa sun mutu a ƙofar asibiti saboda danginsu ba su san wannan ba.

Jama'a, kada mu jira Abuja ta fara. Juma'ar nan in an sallame, magidanta su tsaya a ƙofar masallaci, a kira mai unguwa, a aika wa limamin coci da arɗo su zo. A rubuta sunayen masu sintiri, a naɗa wanda za su riƙa amsa wa, a karɓi lambar DPO da ta kwamandan sojan da ya fi kusa a raba wa kowane gida, a amince da alamar da za a yi in an ga baƙin babura da inda mata da yara za su nufa. A sa ranar da ma'aikacin lafiya zai zo ya koyar da tsayar da jini. Sannan a rubuta takarda guda da sa hannun kowa, a kai wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar mazaɓa, a ce musu muna neman horo da rajista ga masu tsaron garinmu, a kuma faɗa musu ranar da za a dawo karɓar amsa.